Yadda nake auna ƙiriniya da wasan ɓerayen da barasa ta taɓa tun suna ciki

Duk ɗalibin da ya shigo ɗakin gwajinmu, maganata ta farko ɗaya ce: kada ka taɓa ɓera sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya sa hannu a takardarka. Daga nan sai ka tsayar da lokacin da barasar za ta shiga jikin ɗan. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne, amma bunƙasar da ƙwaƙwalwar jaririn ɗan Adam ke yi a watanni ukun ƙarshe na ciki, shi ɓera sai bayan haihuwa yake yin ta, wajen kwana 4 zuwa 9. In wannan zangon kake nema, 'ya'yan za ka ba, ba uwar ba.

In kuwa uwar za ka ba, wurin abinci aka fi tuntuɓe. Uwar da ake zuba wa barasa a abincin ruwa ba ta ci sosai. In ka kwatanta 'ya'yanta da na wadda ta ci ta ƙoshi, ta yaya za ka raba aikin barasa da na yunwa? Shi ya sa nake yi wa kowace uwa abokiya. Abin da ta farko ta ci jiya, shi nake auna wa ta biyu yau, an cire barasar an sa sitaci mai ba da ƙarfi daidai da nata. Kuma daga kowace haihuwa namiji ɗaya, mace ɗaya nake ɗauka, domin 'yan ciki ɗaya halinsu kan zo ɗaya.

Gwajin ƙiriniya ba wuya. Buɗaɗɗen akwati ne, irin wanda masanin halayya Calvin Hall ya yi aiki da shi a 1934. Zana layuka a ƙasansa, ka sa ɓeran, ka ƙirga layin da ya tsallaka da sau nawa ya miƙe kan ƙafafun baya cikin minti 10. Yi da dare a jar fitila, don ɓera da dare yake harkarsa. Tsakanin ɓera da ɓera ka wanke akwatin ya bushe sarai, kuma ni ba na gogewa da sifirit: wanda ya san barasa tun yana ciki, ƙamshinta kan ja shi.

Wasan ne ya fi taɓa ni. Tsakanin kwana 30 da 40 'ya'yan ɓera ke ganiyar kokawa. Ware kowanne shi kaɗai na 'yan awoyi, sannan ka haɗa biyu. Za ka ga ɗaya ya kai hanci ƙeyar ɗan'uwansa, wancan ya birkice rigingine, wannan ya hau ruwan cikinsa ya danne, sai su tashi su sake. Ƙirga kai wa ƙeya, ƙirga dannewa, ka lura da wanda aka tsokana ya ƙi amsawa, da wanda bai san lokacin dainawa ba. In ina kallonsu, yaran da likitoci Kenneth Jones da David Smith suka bayyana a 1973 nake tunawa, waɗanda iyayensu mata suka sha barasa da ciki. Masu irin wannan lalura zama da tsara kan yi musu wuya.

Ɗauki komai a bidiyo, maza daban, mata daban. Lambobin kejin kuwa wani ya rubuta ya ɓoye maka takardar don kada ka san wanda barasa ta taɓa, sai ka gama ƙirge na ƙarshe ka karɓa.