Hanyar zama daraktan fasaha a kamfanin sadarwa

Ƙannena masu karatun injiniya a Jidda da Makka sukan tambaye ni ta ina ake bi a kai ga kujerar daraktan fasaha a kamfanin sadarwa na Saudiyya irin STC ko Mobily ko Zain. Abin da nake ce musu shi ne a fara daga gindin ƙarfen sabis.

Shekarunka na farko ka yi su a fili. Ka ga da idonka yadda batura ke lalacewa idan na'urar sanyaya ɗakin kaya ta tsaya a zafin Yuli, ka iya bambance matsalar eriya da ta wayar faiba da masu haƙa titi suka datse. Daga nan ka nemi a kai ka ɗakin sa ido, inda ake kwana gaban allo ana lura da layukan ƙasar gaba ɗaya. Shugaban da bai bi ta nan ba, da ya buɗe baki ma'aikatan fili za su gane shi.

Idan aka zo neman masu aikin lokacin Hajji, ka riga kowa ba da suna. A ganina babu makarantar da ta kai wannan. A 2023 alhazai sun haura miliyan 1.8, kuma ranar Arfa duk suna fili ɗaya, kowa na son ya kira gida a ga fuskarsa. Wurin da yake wayam duk shekara sai ya ɗauki nauyin babban birni. Tun da saura watanni ake lissafi, a kai turakun sabis na wucin gadi na kan mota Mina da Muzdalifa, a tanadi janareta da mai. Da rana ta faɗi jama'a suka taso daga Arfa, cikin 'yan sa'o'i nauyin ya bar waɗannan turaku ya koma kan waɗancan. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga wuraren nan, don haka dama ce a hannunka. Ka riƙa rubuta abin da ya tsaya da yadda aka gyara shi, domin da irin wannan rahoto manya ke sanin sunan yaro.

Inda na ga haziƙan injiniyoyi suna maƙalewa shi ne batun kuɗi, kuma abin yana damuna. A zauren shugabanni tambayar ita ce riyal nawa aikin zai ci, kuma yaushe kuɗin zai dawo. Ka koyi tsara kasafi, ka zauna kusa da masu ciniki da kamfanonin da ke sayar da kayan sadarwa irin Ericsson da Nokia da Huawei, ka karanta dokokin hukumar sadarwa. Mo Ibrahim, ɗan Sudan, injiniya ne da ya riƙe daraktan fasaha a kamfanin wayar salula na Cellnet a Birtaniya. Da ya haɗa fasahar da sanin kasuwa ya kafa Celtel, kamfanin wayar salula a Afirka, a 1998, aka sayar da shi a 2005 kan dala biliyan 3.4.

Sai maganar takardu. Tun 2011 tsarin Nitaƙat na gwamnatin Saudiyya ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kuma manyan kujeru galibi nasu ne. Idan da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, kake zaune, ka yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya da wuri, ka gyara Turancinka ya kamo Larabcinka, sannan ka nemi shiga ta kamfanonin da ke sayar da kayan aikin. Ƙasar nan ta fara 5G tun 2019, kuma wanda ya jagoranci tawaga a irin wannan aiki yana da abin nunawa idan ya nemi muƙami a MTN ko Airtel a Najeriya.