Yadda Ake Cin Kofi a Wasan Tseren Mota na Enduro

Enduro wasan tseren mota ne da kamfanin Activision na Amurka ya fitar a 1983 domin Atari 2600, na'urar wasan bidiyo da ake jonawa da talabijin, kuma Larry Miller ne ya tsara shi. Babu layin gama tsere a cikinsa, babu kuma maganar wane ne na ɗaya ko na biyu. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka wuce motoci 200 kafin rana ta farko ta ƙare, sannan motoci 300 a kowace ranar da ta biyo baya, kana tuƙi cikin hasken rana da ƙanƙara da duhun dare da hazo ba tare da an tsaya hutu ba. Wanda ya kammala ranaku biyar zai ga hoton kofi ya bayyana a ƙasan allo, a wancan zamanin kuwa idan ya ɗauki hoton talabijin ɗinsa ya aika wa kamfanin, sai a aiko masa da bajon Roadbusters, wato ƙungiyar gwanayen wasan, wanda ake ɗinkawa a jikin riga. An daina raba bajon tuntuni, amma kofin yana nan, kuma abin da ke hana mutane da yawa ganinsa shi ne danne totur tun daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: samo wasan da abin buga shi

Wanda ya mallaki tsohuwar Atari 2600 da kaset ɗin Enduro ya kula da abubuwa biyu kafin ya jona ta. Idan daga Amurka aka kawo na'urar, cajarta ta wutar can ce, wadda ba ta wuce bolt 120 ba, tamu kuwa ta haura 220, don haka sai an bi ta na'urar rage ƙarfin wuta, in ba haka ba a ƙone ta nan take. Sannan kaset ɗin da aka yi domin talabijin na tsarin NTSC, wato na Amurka, yakan rikita launuka ko ya sa hoto ya riƙa birgima a na'urar da aka yi domin tsarin PAL, wato irin namu da na mafi yawan Turai, saboda haka ya kamata kaset da na'ura su zama na yanki ɗaya. Akwai kuma Atari 2600+ da aka fitar a 2023, wadda take karɓar mafi yawan tsofaffin kaset kuma ake haɗa ta da talabijin na zamani ta wayar HDMI. Wasan yana kuma cikin tarin wasannin Activision Anthology da aka fitar wa PlayStation 2 a 2002, aka kuma kai shi Game Boy Advance, ƙaramar na'urar wasa ta tafin hannu, a 2003.

Hanya mafi sauƙi ga mai kwamfuta ita ce manhajar Stella, wadda take kwaikwayon Atari 2600 kuma kyauta ce, sai dai fayil ɗin wasan kansa har yanzu mallakar Activision ne, kamfanin da Microsoft ya saye a 2023. A waya ma ana iya bugawa, amma ban ba da shawarar amfani da maɓallan da ake taɓawa a fuskar waya ba, domin yatsa ba ya jin inda hagu ta ƙare dama ta fara, wannan wasa kuwa duk ya rataya ne a kan ɗan matsi kaɗan. A nemi hannun gem na gaske a haɗa.

Mataki na biyu: san hannunka da abin da allo yake nuna maka

Hannun Atari sanda ce guda ɗaya da jan maɓalli guda ɗaya, kuma ana riƙe shi ne maɓallin yana kusurwar sama ta hagu. Karkata sandar hagu ko dama shi ne sitiyari, jan maɓallin shi ne totur, janyo sandar baya wajen jikinka kuwa shi ne birki. Ana fara tsere da maɓallin Game Reset da ke jikin na'urar, a Stella kuwa F2 ne yake yin wannan aiki, kibiyoyin allon rubutu su tsaya a matsayin sanda, dogon maɓallin tazara ya zama totur.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne cewa motar ba ta rage gudu don ka saki totur. Muddin kana danne da maɓallin gudu yana ƙaruwa har ya kai iyaka, da zarar ka ɗaga yatsa kuwa motar za ta ci gaba a kan gudun da ka bar ta, sai ka ja birki ko ka yi karo sannan ta sassauta. Ke nan ba a buƙatar ka riƙe maɓallin kullum. Aikinka shi ne ka zaɓi gudun da idonka zai iya bi, ka ajiye motar a kansa, sannan ka riƙa ƙarawa ko ragewa kaɗan-kaɗan gwargwadon cunkoso. Kafin ka fara neman kofi, yi wasa ɗaya ko biyu kana gwada wannan kaɗai: danna, saki, saurari ƙarar inji ta tsaya a murya ɗaya, ja birki, ka ji yadda take sauka.

A ƙasan allo akwai layi biyu na lambobi. Na sama yana ƙirga nisan da ka ci, na ƙasa kuwa yana nuna ranar da kake ciki daga hagu, da yawan motocin da suka rage maka daga dama. Duk motar da ka wuce lambar tana raguwa da ɗaya, duk wadda ta wuce ka kuwa tana ƙaruwa da ɗaya, wato bashi ne da sai ka sake biya.

Mataki na uku: tara motoci tun da sauran haske

Kowace rana tana farawa da sararin sama shuɗi da fili kore, kuma a wannan lokaci ne kake ganin hanya har ƙarshenta, inda gefunanta biyu suke haɗuwa a gindin duwatsu. Nan ne wurin da ya dace ka yi gudu sosai. A ganina, wanda duhu ya riske shi bai rage fiye da rabin motocinsa ba ya riga ya sa kansa cikin matsi, domin abin da ke gaba ba ya barin mutum ya rama abin da ya yi sakaci da shi da rana.

Kada ka kalli motarka. Fara ce, tana ƙasan allo, babu inda za ta je sai inda ka kai ta. Idonka ya tsaya can sama inda motoci suke ɓullowa ƙanana suna girma yayin da kake kusantar su. Na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta bayit 128 ce kacal ba ta da halin yi maka ado mai yawa, saboda haka abin da ke kan hanya kaɗan ne kuma duk mai amfani ne: kowace mota tana hagu, ko tsakiya, ko dama, kuma tun tana ɗigo za ka iya gane layin da take. Idan ka saba karanta motoci biyu ko uku da ke tafe a jere, za ka tarar kana matsawa tun kafin su iso, ba sai sun zo gabanka ka fizgi sanda ba.

Mataki na huɗu: kwana, gefen hanya da karo

Idan hanya ta lanƙwasa, duwatsun da ke nesa sukan zame gefe guda, motarka kuma ta riƙa sulalewa zuwa bayan kwanar ko da ba ka taɓa sanda ba. Maganin wannan shi ne ɗan taɓi a kai a kai zuwa cikin kwanar, ba dannewa gaba ɗaya ba, domin wanda ya danne yakan tsallaka layi biyu ya faɗa wa motar da bai yi niyya ba.

Karo a Enduro ba ya fasa mota, ba ya kuma kawo ƙarshen wasa, shi ya sa sabon shiga yake raina shi. Amma duba abin da yake jawowa. Gudunka zai faɗi ƙasa warwas, motar ta yi gefe, sannan motocin da ka sha wahalar wucewa su riƙa fitowa ta bayanka suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya, lambar da ke ƙasa tana hawa kana kallo. Kafin ka dawo kan gudunka na dā ka yi asarar lokaci, ka kuma ƙara wa kanka aiki. Karo uku a jere sun fi cutarwa a kan tafiya a matsakaicin gudu na tsawon wannan lokacin, wato dai sauri ya haifi nawa. Idan ya auku, danna totur nan da nan, ka bar sitiyari ya huta har motar ta daidaita, kada haushi ya sa ka koma iyakar gudu a cikin cunkoson da ya kayar da kai.

Larry Miller da kansa ya ba da shawarwari a ɗan littafin da ke zuwa da kaset ɗin, kuma biyu daga ciki sun cancanci a riƙe su. Idan ya zama dole ka zaɓa tsakanin gogar gefen hanya da dukan wata mota, ka zaɓi gefen hanya, domin asararsa ba ta kai ta karo ba. Idan kuma ka ga motoci biyu a karkace, ɗaya tana gaban ɗaya a layi daban, zagaye su ya fi kutsawa ta tsakaninsu, in kuwa babu makawa sai an kutsa, to ka rage gudu har ya zama ka ɗara su da kaɗan kawai.

Mataki na biyar: ƙanƙara

Ana cikin tafiya sai fili ya koma fari fat, ƙarar inji ta dusashe. Ka shiga ƙanƙara ke nan, kuma sitiyari ya yi nauyi: za ka karkata sanda amma motar ta ɗauki lokaci kafin ta amsa. Gani dai yana nan garau, don haka ba sai ka rage gudu da yawa ba. Abin da ake so shi ne ka fara kaucewa da wuri fiye da yadda ka saba, ka kuma zauna kusa da tsakiyar hanya, inda layi ɗaya kawai za ka matsa ko ta wane gefe.

Mataki na shida: dare da hazo

Bayan ƙanƙara yamma takan yi, sararin sama ya riƙa sauya launi zuwa ja har almuru ta rufa. Wannan ɗan tsakanin shi ne damarka ta ƙarshe ta yin gudu da cikakken gani, saboda haka kada ka tsaya kallon kyan faɗuwar rana, ko da yake tana da ban sha'awa. Da dare ya yi, jikin motoci yakan ɓace, ba ka ganin komai sai fitilun danja bibbiyu da layin gefen hanya. Abin lura shi ne nisan ganinka bai ragu ba, siffar abin da kake gani ce kawai ta sauya. Tazarar da ke tsakanin fitilu biyu ita ce faɗin motar, kuma yadda tazarar take buɗewa shi ne yake gaya maka kusancinta. Wanda ya riƙe wannan zai iya tafiya da dare kusan yadda yake tafiya da rana, sai dai ya bar wa kowace mota ɗan fili fiye da yadda ido yake nuna masa.

Hazo ne yake raba masu wasa. Toka-toka yakan rufe saman allo ya cinye rabin hanyar, fitilun danja kuma ba sa bayyana sai sun zo dab da kai, kamar yadda direban da ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da asubar hunturu ya sani. Dabarar kallon nesa ba ta da amfani a nan domin babu nesan da za a kalla. Da ka ga hazo ya sauko, ja birki tun kafin ka ga mota ta farko, ka sauko zuwa gudun da ya ɗara na sauran motoci kaɗan, yadda lambarka za ta ci gaba da raguwa a hankali ba tare da kowa ya wuce ka ba. Mayar da idonka bakin hazon, daidai inda hanya take ɓullowa, ka koma tsakiya bayan kowace kaucewa. Mota goma da ka wuce lafiya a cikin hazo sun fi talatin da za ka wuce ka mayar da su a karo biyu.

Idan hazo ya yaye akwai sauran duhu kafin gari ya waye, kuma a nan ne za ka biya abin da ya rage. Da asuba ta gabato wasan yakan fara ƙarar gargaɗi ga wanda bai cika adadinsa ba. Dubi lambar sau ɗaya ka yanke shawara: in kaɗan ne suka rage, ci gaba a yadda kake, in kuwa da yawa ne, to babu sauran abin da ake tattali, danne totur, domin rana tana fitowa da ko mota ɗaya a kanka wasa ya ƙare.

Mataki na bakwai: daga rana ta biyu zuwa kofi

Da ka cika adadin ranar, tutoci kore za su maye gurbin lambar motoci, amma tuƙi bai tsaya ba sai sabuwar rana ta fito. Motocin da ka wuce bayan tutoci ba a ajiye maka su domin gobe, nisan tafiya ne kawai yake ci gaba da ƙaruwa. Tsohuwar Atari 2600 ba ta da maɓallin dakatar da wasa, saboda haka wannan ne kaɗai lokacin hutunka: ajiye motar a matsakaicin gudu, ɗaga babban yatsa daga maɓalli, gyara riƙon sanda. Amma da ka ga gari ya fara wayewa sai ka ƙara gudu, domin sabuwar lamba ta same ka kana tafe da ƙarfi, kada ka ɓata farkon hasken wajen tayar da mota.

Tsallen daga 200 zuwa 300 a rana ta biyu shi ne mafi girma, tunda tsawon ranar bai ƙaru ba. Daga nan adadin ba ya sake hawa, sai dai hanyar tana ƙara tsanani kowace rana, motoci suna bazuwa a faɗinta suna toshe layukan da a dā kake samu a buɗe. Gudun da ya ishe ka a hazon rana ta farko ba zai ishe ka a ta huɗu ba, don haka kowace rana sai ka ɗan ɗaga ma'auninka a kowane yanayi, kana barin mafi yawan ƙarin ga hasken safe da na yamma. Idan ka lura kullum a wuri ɗaya kake faɗuwa, misali hazon rana ta uku, to duba lambar da kake shiga dare da ita a wannan ranar, domin sau da yawa a can matsalar take, kuma ita za ka yi ƙoƙarin ragewa a wasa na gaba.