Yadda zaka gane yarinyar Koriya da zata yi tashe a golf tun bata zama kwararriya ba

Idan kana bin golf na mata ka san 'yan Koriya ta Kudu sun dade da rike wuyan wasan nan, tun 1998 da Pak Se-ri ta cire takalmi da safa ta shiga ruwa ta bugo kwallonta ta ci US Women's Open, daga nan iyaye suka dinga tura 'ya'yansu mata filin golf. To ga yadda zaka hango ta gaba tun kafin kowa ya san sunanta, zan yi maka misali da Choi Hye-jin.

Fara da koyon karanta allon sakamako, don a golf mai karancin bugu shi ke gaba. Kowane rami akwai adadin bugun da aka kayyade masa, shi ake cewa par, in ta rage daya badi (birdie) kenan, in ta kara daya bogi (bogey). Saboda haka -9, wato ta rage bugu 9 daga adadin da aka kayyade, ta fi -5 kyau, kar alamar ragewa ta rude ka. Sannan ka duba gefen sunan, in ka ga karamin harafin a, wannan yarinya ce da bata shiga wasan kudi ba tukuna, ita zaka sa wa ido.

Daga nan ka bi sawunta baya ka ga ko tana cikin tawagar kasa ta Koriya, shiga wannan tawaga ba wasan yara bane. Choi haifaffiyar 1999 ce, tana cikin wadanda suka ciyo wa Koriya kofin duniya na tawagogin mata marasa karbar kudi a Meziko a 2016.

Amma inda zaka fi dadewa shi ne gasar manya ta cikin gida, KLPGA, saboda yarinya ta doke sa'anninta wannan ba wani labari bane, a jefa ta cikin matan da wasan ne abincinsu ta fito a sama, nan ake gane ta. Choi ta ci gasar KLPGA har 2 a 2017 tana 'yar makaranta tun bata zama kwararriya ba, kafin ita Kim Hyo-joo ma ta yi irin haka a 2012, ta ci a Koriya ta je Japan ta ci. Sai dai ka shirya tashin dare, Koriya ta riga Najeriya da Nijar da awa 8, in suka fara da safe kai kana tsakiyar barci, ni dai gani nake ka bari da asuba ka duba sakamako ya fi.

Kuma ka kalli abinda take yi bayan ta tafka kuskure, ni wannan ya fi min duka sauran. A Yulin 2017 a US Women's Open a Bedminster ta Amurka, Choi tana shekara 17 tana kunnen doki a saman allo ranar karshe, a rami na 16 ta buga kwallo tsundum cikin ruwa, bugu biyu suka tafi a banza, wata da shikenan ta watse, ita ko ta je rami na 18 ta yi badi, ta kare ta biyu da -9 bayan Park Sung-hyun mai -11. Dala 540,000 na matsayi na biyu ko sisi bata dauka ba don dokar lokacin bata yarda ba.

Sauran duk lissafin lokaci ne. Ka duba yaushe zata cika 18, Choi ta cika a Agustan 2017 ta zama kwararriya a watan, ta yi shekaru tana kwasar kofuna a gida, 5 a 2019 kadai, sannan ta zauna gasar tantancewa ta LPGA, babbar gasar kwararrun mata ta Amurka, karshen 2021 ta koma Amurka da wasa a 2022. In ka ga wadda kake bi ta shiga jerin wadanda suka tsallake wannan tantancewar, to kakar wasa mai zuwa a jadawalin LPGA zaka neme ta.