Yadda za a taimaki wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana

Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, ba hannu da ƙafa kaɗai ke saki ba. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda ciwon ya kama yana taɓa musu magana. A yawancin mutane cibiyar magana tana gefen hagu na ƙwaƙwalwa, gefen hagu kuwa shi ke juya daman jiki, shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi rasa baki. Tun a shekarun 1860 likitan Faransa Paul Broca ya nuna haka. Abin da nake so iyalai a nan Tawa su riƙe shi ne hankalin mutumin yana nan. Ya san abin da yake so, kalmar ce ta ƙi zuwa.

Da farko, asibiti. Da an ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta dagule, a nufi babban asibitin Tawa nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara don likita zai tambaya. Mutane kan ce iska ce ko jifa, a yi ta hayaƙi har gari ya waye. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a ba shi asfirin, domin sai hoton kai ne ke bambanta toshewa da fashewa.

Bayan an dawo gida, a lura da haɗiya. A zaunar da shi sosai kafin ya ci, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, ya kuma yi minti 30 a zaune bayan ya gama. Idan yana tari ko muryarsa ta jiƙe in ya sha ruwa, a tsaya a sanar da likita, don abin na iya gangarawa huhu.

A gano inda matsalar take. A ajiye buta da kofi da tasbaha a gabansa, a ce: "Baba, ku nuna mini buta." In ya nuna daidai amma ya kasa kiran sunanta, yana fahimta, furtawa ce ta gagara. In kuwa magana na zuba amma babu kai babu gindi, kuma ya nuna kofi maimakon buta, to fahimtar ce ta taɓu. Irin wannan sai a rage masa tsawon magana, a haɗa da nuni.

Sai zaman kullum, kuma nan aikin yake. Minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana, ya fi awa guda da za ta gajiyar da shi. Hantsi ya fi, kafin rana ta take. A kashe rediyo, yara su ɗan ja baya, mutum ɗaya ya zauna daf da shi yadda zai ga bakinsa. A ɗaga butar a tambaya: "Mene ne wannan, Baba?" Sai a yi shiru, a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun ne ya fi wa iyali wuya. Za ka ga leɓe na rawa, hannun hagu na murza gefen tabarma, tausayi ya sa ka faɗa masa kalmar. Ka daure. In ta ƙi, ka ba shi bakin zare: "Za a yi alwala, a ɗauko..." In har yanzu ta ƙi, ka ce "bu...". Sai a ƙarshe ka faɗe ta duka, ku maimaita tare. A fara da kalmomi biyar ko shida da yake bukata kowace rana: ruwa, fura, bayan gida, ciwo, sunan matarsa. Kada a ɗaga masa murya, ba kurma ba ne. Kada kuma a yi masa maganar yara ko a yi hira a kansa kamar ba ya wurin. Wannan yana ƙona ran dattijo ƙwarai.

A yi amfani da abin da baki ya saba. Sau da yawa wanda ya kasa cewa "ruwa" zai karanta Fatiha har ƙarshe in an ja masa farkonta, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, ya jero Lahadi, Litinin, Talata. Waƙa ma haka, domin gefen dama na ƙwaƙwalwa yana da hannu a cikinta. Masu gyaran magana suna cin moriyar wannan: a rera "ina son ruwa" a hankali, ana ɗan buga hannunsa na hagu a kan kowace gaɓa, sannan a yi ta rage rerawar har ta koma magana.

A buɗe masa wata ƙofar. A manna hotunan iyali da abinci da masallaci a ƙaramin littafi ya riƙa nunawa. Nuni ba ya hana magana dawowa. In yana jin Buzanci ko Fulatanci ko Faransanci, a gwada kowane, a bi wanda ya fi zo masa da sauƙi.

A nemi ƙwararru in da hali. Masu gyaran magana, waɗanda ake kira ortofonis, ba su da yawa a Nijar, galibinsu kuma a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 500. Ko zuwa ɗaya ne yana da amfani: wanda ke jinyarsa ya shiga tare da shi, ya ɗauki darasin a waya. Sauƙi ya fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko, amma ana ci gaba da samunsa bayan shekara.

Maganin tansiyon, wato hawan jini, kuma kada a ajiye shi don an ga sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa awo. In ya daina cin abinci, ko yana yawan kuka da juya fuska bango, a gaya wa likita, domin ciwon damuwa yakan biyo bayan shanyewa kuma yana da magani.