Yadda za ka haɗa kalar fenti wa tsohuwar Marsandi a Sakkwato

In kana da tsohuwar Marsandi irin W123 ɗin nan da aka fara yi 1976, ko V-boot, kafin ka kai ta wurin mai fenti ka fara yanke shawara tukuna: duk motar za a fesa ko ƙofa ɗaya kawai? Don aikin ba ɗaya ba ne.

In duka ce, nemi lambar fentin. A W123 ɗaga bonet, duba ƙarfen da ke saman lagireto, akwai ɗan faranti, cikin lambobin da ke jikinsa akwai ta fenti mai lamba uku, 040 baƙi ne, 737 fari, 735 ruwan azurfa, 904 shuɗi mai duhu. Ba mai haɗa fenti wannan lamba. Ni dai shawarata a Sakkwato ka bar baƙi sai in da shi ta zo, zafin Afrilu yana wuce digiri 40 kuma ƙurar hunturu tana zama kansa ko yanzu aka wanke.

In faci ne kuwa, kar ka dogara da lamba kaɗai, rana ta ci fentin shekara da shekaru, in aka haɗa sabo daidai lamba sai ƙofar ta fito daban kowa ya gane tun daga nesa. Cire murfin waje na tankin mai, wanda ke da fentin motar, ka kai wa mai haɗi, amma ka goge shi da folish tukuna don dattin sama ya fita. In ya haɗa, ya fesa a guntun ƙarfe mai firaima irin wadda za a sa wa motar, a bari ya bushe sarai, ɗanyen fenti yana yaudara. Sannan a kara shi jikin motar a waje da hantsi, ba cikin rumfar gareji ba, ka duba ta gaba ka koma gefe ka sake dubawa, musamman mai ƙyalli, shi yakan canza da yadda haske ya faɗo masa.

Ka kuma shafa folish da farin ƙyalle a lungu, in kalar ta hau ƙyallen to tsohon fenti ne mara kiliya, wato ruwan sheƙi mara kala da ake fesawa a saman fenti, ka gaya wa mai fenti kar ya zabga kiliya a facin. Mai ƙyalli kuma a ce ya ɗan watsa fentin ya shiga fenda da ƙofar kusa, kar ya tsaya cak a bakin ƙofa.