Yadda Ake Kula da Sarƙar Keken Hawan Dutse da Gano Tushen Ƙararta

Sarƙar keke, wadda masu gyara suka fi kira cen, tana cikin mafiya araha a kayan da ke kai ƙarfin ƙafa zuwa tayar baya, kuma ita ce ke cinye masu tsadar idan aka yi sakaci da ita. Faifan haƙoran gaba da ke jikin hannun feda, da tarin faya-fayan baya da ake kira kaset, da 'yan tayoyin nan biyu na masauyin giya, wato na'urar da ke kai sarƙa daga faifai zuwa faifai, dukkansu da sarƙa suke gogayya, don haka halin da take ciki shi ke yanke musu tsawon kwana. Keken hawan dutse ya fi kowane irin keke shan wannan wahala, domin hanyarsa ƙura ce da yashi da laka, mahayinsa kuma yakan sauya giya a tsakiyar hawa yana danne da feda, a daidai lokacin da sarƙa ke ɗauke da nauyi mafi yawa.

Idan aka ji mai gyara ya ce sarƙa ta miƙe, to ba ƙarfen ne ya ja kamar roba ba. A kowace gaɓa akwai 'yar ƙusa da ke riƙe da ɓangarorin, akwai kuma ɗan zobe da ke juyawa a kewayenta, wanda shi ne ke zama a tsakanin haƙora. Ƙura takan shiga ta cakuɗa da mai ta zama baƙin kwaɓi, kwaɓin nan kuwa aikin magagari yake yi a duk juyin feda, yana cin ƙusar da ramin da take ciki kaɗan-kaɗan. Ratar da ke samuwa a gaɓa ɗaya ba ta kai ido ya gani ba, amma idan ta taru a gaɓoɓi sama da ɗari sai sarƙa ta fi asalinta tsawo. Daga nan zobban ba za su ƙara sauka daidai a gindin haƙora ba, sai su riƙa hawa kafaɗunsu suna goge su, har haƙoran su karkace su yi tsini kamar ƙaya.

Awo ne ke nuna lokacin canji. Tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa a sabuwar sarƙa rabin inci ce, wato milimita 12.7, ko ta giya 8 ce ko ta giya 12, wato ta keke mai faya-fayan baya 8 ko 12. Ka ɗan danna feda domin sarƙa ta yi tsaf, ka ɗora farkon rula ta ƙarfe a tsakiyar ƙusa ɗaya, sannan ka ƙirga tazara 24. A sabuwar sarƙa tsakiyar ƙusar ƙarshe za ta faɗa daidai kan inci 12, wato milimita 304.8. Idan ta zarce da kusan milimita ɗaya da rabi, lalacewar ta kai kashi 0.5 cikin ɗari, kuma a nan ne ake canja sarƙar giya 11 da ta giya 12. Masu giya 10 zuwa ƙasa sukan jure har kashi 0.75, wato zarcewar milimita 2.3 ko kusa da haka. Wadda ta zarce da milimita 3 kuwa, galibi ta riga ta gama da kaset. Akwai ɗan ƙarfen awo da ake sayarwa domin wannan aiki, kamar CC-3.2 na kamfanin Park Tool, mai gefe ɗaya na 0.5 da ɗaya na 0.75: idan bakinsa ya nutse cikin sarƙa gaba ɗaya, ta kai wannan matakin. Wasu sukan kama sarƙa a goshin faifan gaba su ja, su duba ko haske ya bayyana tsakaninta da haƙora. Dabarar tana aiki, sai dai ba ta fallasa sarƙa sai bayan ɓarna ta yi nisa.

Wanki da zuba mai

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka yawan mai shi ne kula. Mutum ya ji ƙara ya tsiyaya mai, bayan kwana biyu ya ƙara wani a kan dattin jiya, har sarƙa ta yi baƙi ƙirin tana ɓata ƙafar wando. A cikin zobba ake buƙatar mai, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Wanda ya rage a waje ba shi da aiki sai kama ƙura, kuma duk wanda ya taɓa hawa a hanyar jar ƙasa cikin hunturu ya san sa'a ɗaya ta isa jiƙaƙƙiyar sarƙa ta yi gashi da ƙura.

Aikin yau da kullum bai wuce minti biyu ba: da zarar ka dawo, ka kama sarƙa da busasshen tsumma ta ƙasa, ka juya feda baya har ta zagaya sau uku ko huɗu. Babban wanki kuwa sai lokaci-lokaci, ko bayan an shiga laka. Yawancin sarƙoƙin yanzu suna da gaɓa ɗaya ta musamman da ake buɗewa ba tare da fitar da ƙusa ba, wadda kamfanin SRAM ke kira PowerLock, kamfanin KMC kuma Missing Link. Ka buɗe ta, ka jefa sarƙar cikin gora mai murfi, ka zuba kananzir ya rufe ta, ka girgiza sosai, ka zubar, ka sake da sabo har ya daina fitowa baƙi. Idan ka duba gindin gorar farko za ka ga yashi da ɗan ƙyallin garin ƙarfe sun kwanta, wannan shi ne abin da ke cikin gaɓoɓin kana takawa. Kada a yi wannan da fetur, saboda tururinsa ba ya jiran ashana ta matso kusa. A rataye sarƙa ta bushe sarai kafin a sa mata mai, domin kananzir ɗin da ya saura a ciki zai tsinke sabon man.

Kafin ta bushe, ka bi kaset da tsohon buroshin haƙori, ka zura siririn tsumma tsakanin faifai da faifai kana ja hagu da dama, ka kuma kankare dattin da ya daskare a gefen 'yan tayoyin masauyin giya da bakin sukudireba. Ruwan matsi irin na wurin wankin mota yana sa keke ƙyalli, amma yakan tura ruwa cikin boris ɗin tayoyi da na gindin feda ya kore musu giris. Bokiti da soso sun wadatar.

Wajen zuba mai, ɗigo ɗaya ya ishi kowane zobe. Ka zuba ta cikin sarƙa, wato gefen da ke taɓa haƙora, ka fara daga gaɓar buɗewa domin ka gane lokacin da ka zagayo. Ka juya feda baya na ɗan lokaci, ka bar man ya ratsa, sannan ka goge bayan sarƙar da tsumma har ya zama idan ka shafa yatsa da ƙyar yake maiƙo. Man sarƙa iri biyu ne a kasuwa: mai bushewa, wanda ya dace da rani da hunturu domin ba ya riƙe ƙura amma ruwa na wanke shi nan da nan, da kuma mai danƙo, wanda ke jure damina amma yana son yawan goga. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da toka da garin ƙarfe, zuba shi a sarƙa tamkar ƙara mata magagari ne. Giris ba ya shiga cikin zobe, man fesawa na WD-40 na gama-gari kuma yana kore ruwa da sassauta tsatsa, amma ya cika tsinkewa, ba ya daɗewa. Idan keken mai birkin faifai ne, a yi hattara kada ko ɗigo ya taɓa faifan birki, domin man da ya shiga takalman birki ba ya fita da sauƙi, sai kuka da rashin kamu.

Sabuwar sarƙa

Ana sayen sarƙa ne bisa yawan faya-fayan baya, domin kaurinta na raguwa da ƙaruwarsu: ta giya 8 faɗinta kusan milimita 7 ne, ta giya 12 kuwa ɗan sama da milimita 5. Masu giya 6 da 7 da 8 suna iya amfani da iri ɗaya, amma daga 9 zuwa sama kowace da tata. Sabuwa takan zo da tsawo fiye da buƙata, don haka a jera ta da tsohuwar a ƙirga gaɓoɓi, kada a gwada tsawo, tunda tsohuwar ta riga ta miƙe. Sarƙoƙin kamfanin Shimano na giya 12 suna da gaba da baya, gefen da ke da rubutu shi ke kallon waje. Gaɓar buɗewa ta giya 11 da 12 kuma, yawancin kamfanoni sun ce sau ɗaya ake ɗaura ta, saboda haka yana da kyau a ajiye sabuwa a jakar hawa.

Na taɓa barin sarƙa ta wuce iyaka kafin na canja, ina ganin na yi tattali. Washegarin da na ɗaura sabuwa, a hawan farko da na miƙe tsaye na danna feda, sai ƙafata ta zame gaba da wata ƙara kamar an karya itace, gwiwata ta daki kan keken. A giya biyun da na fi zama kawai take yin haka, sauran lafiya lau. Haƙoran waɗannan faya-fayan sun riga sun ɗauki siffar tsohuwar sarƙa, sabuwar ba ta samu wurin kamawa ba. Wannan ba ya gyaruwa da juya noti, sai an sayi kaset, wanda kuɗinsa ya ninka na sarƙa. Wanda ke canja sarƙa a kan lokaci yakan ga bayan sarƙa biyu ko uku a kan kaset ɗaya.

Sauraron ƙara

Kafin a kwance komai, a saurari lokacin da ƙarar ke zuwa, domin kiɗinta ne ke nuna gidanta. Ka daina taka feda keke na tafiya: idan ƙarar ta ci gaba, ba daga sarƙa take ba, a duba taya ko birki ko boris. Idan tana zuwa sau ɗaya a duk zagayen feda, kuma ƙafarka na wuri ɗaya duk lokacin da ta zo, laifin na feda ne ko hannunta ko faifan gaba. Idan kuwa tana zuwa bayan zagaye uku ko huɗu, sarƙa ce, domin da faifan gaba mai haƙora 32 kusan haka take ɗauka kafin ta kewayo. Galibi gaɓa ɗaya ce ta ƙage. Ka juya feda baya a hankali kana kallon 'yan tayoyin masauyin giya, za ka ga ƙagaggiyar ta wuce a tanƙware tana sa su tsalle. Ɗigon mai da ɗan lanƙwasa ta gefe da gefe da hannu yakan sake ta, amma idan ɓangarenta ya buɗe ko ya murɗe, cire ta ya fi.

Tsuwa siririya mara yankewa alamar bushewa ce. Gurza-gurza kamar ana tauna yashi kuma datti ne, wanki take nema kafin mai. Kas-kas daga baya, sarƙa na shafar faifan da ke kusa kamar tana shawarar sauya giya, yawanci wayar giya ce ta saki, musamman sabuwa. A jikin madannin giya, inda waya ke fita, akwai ɗan murɗi na daidaitawa. Idan sarƙa na nawa wajen hawa babban faifai, ka juya shi kamar mai kwance noti, kwata ɗaya a lokaci guda, kana gwadawa. Idan wajen sauka ƙaramin faifai take nawa, ka juya shi ciki. Sukurori biyu na jikin masauyin giya masu alamar H da L iyaka kawai suke tsarewa, na H a ƙaramin faifai, na L a babba domin kada sarƙa ta faɗa cikin wayoyin taya, kuma da wuya su motsa da kansu, don haka a ƙyale su. Na ukun, wato B, shi ke ƙayyade ratar da ke tsakanin 'yar tayar sama da babban faifai, kuma idan ratar ta yi kaɗan ana jin gurnani a giyar hawa.

Idan aka daidaita giyoyin sama sai na ƙasa su ɓaci, aka daidaita na ƙasa na sama su ɓaci, to a daina wahala da waya. Ɗan ƙarfen da masauyin giya ke rataye a jikinsa ne ya lanƙwashe. Da gangan ake yin sa da alminiyam mai taushi domin ya ɗauki bugu a madadin gangar jikin keke, wato firam, kuma faɗuwa ɗaya a gefen dama ta isa. Ka tsuguna a bayan keke ka duba: 'yan tayoyin biyu su kasance a layi ɗaya a tsaye ƙarƙashin faifan da sarƙa ke kai. Idan sun karkata ciki, a kai wa mai gyaran da ke da ƙarfen miƙar da shi, ko a sayi sabo. Dalilin ke nan da ba a kwantar da keke mai giya a gefensa na dama. Sarƙar da ke dukan firam a kan gargada kuwa, a duba ɗan makunnin da ke jikin masauyin giya na Shimano masu Shadow Plus, wanda ke rage wa sarƙa kaɗawa, domin akan kashe shi wajen cire taya a manta ba a mayar ba.

Ƙiƙi-ƙiƙin da ke zuwa idan an danna da ƙarfi shi ya fi ruɗarwa, domin firam rami ne, yana ɗaukar sauti daga wani wuri ya kai shi wani. A fara da masu sauƙi: a kwance feda a goge zaren a shafa giris a ɗaure, ana tuna cewa zaren fedar hagu juyayye ne. A bi notocin faifan gaba da alanki, a tabbatar aksul ɗin baya ya ɗauru, a duba zoben da ke kulle kaset, wanda yawanci Nm 40 ake rubutawa a jikinsa, wato ƙarfin ɗaurin da yake buƙata. A kama hannun feda a jijjiga shi gefe da gefe, idan yana motsi, boris ɗin gindin feda ya tafi. Amma kafin a kai ga kwance shi, ka miƙe daga sirdi kana takawa. Idan ƙarar ta ɗauke da tashinka, ka zare sandar sirdi, ka goge ƙurar da ta shiga tsakaninta da firam, ka shafa giris kaɗan idan duka biyun ƙarfe ne ko alminiyam, ka kuma ɗaure notocin da ke riƙe da sirdin kansa.