Kurakuran Da Ke Kashe Ƙarshen Labari

Mai tatsuniya ya huta: da ya ce "ƙurunƙus kan kusu", yara sun san an tashi. Marubucin ƙagaggen labari ba shi da wannan gatan. Shafin ƙarshe shi ne abin da mai karatu zai tafi da shi, kuma a nan ne marubuta da yawa suke zubar da wahalar da suka sha.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mafita ta faɗo daga sama. An shafe babi talatin kishiya tana gasa wa jaruma aya a hannu, sai a babin ƙarshe mota ta kife da kishiyar, ko ta haukace ta shiga tona wa kanta asiri a bainar jama'a. Mai karatu zai ji an cuce shi, don jarumar da ya bi tun farko ba ta tsinana komai ba. Gyaran shi ne hukunci ya fito daga hannun jarumar ko daga halin muguwar. In layar da aka binne a ƙofar ɗaki ce za ta fasa ƙwai, a nuna ta tun babi na uku, a sake ratsawa ta kanta a tsakiya ko da jimla ɗaya ce: mai shara ta ga ƙasar wurin ta ɗan yi tudu, ta wuce. Shi kuwa "ashe mafarki ne", a bar shi kwata-kwata.

Sai rashin sanin inda za a tsaya. An gama rigima, sai a buɗe "bayan shekara goma", a jero tagwaye, kamfani da zuwa Hajji. Wannan lissafi ne, ba labari ba. Nemo wurin da aka amsa babbar tambayar labarin, ka ƙara fitowa ɗaya, ka ajiye alƙalami. A gajeren labari, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, sakin layi ɗaya ko biyu sun wadatar.

Haka wa'azin rufewa. In sai ka rubuta "darasin da ke cikin wannan labari", to labarin bai isar da saƙon ba. Goge sakin layin, ka sa abin da ido zai gani: surukar da ba ta taɓa cin girkin jarumar ba ta jawo kwanon tuwo, ta wanke hannu.

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp su suka fi mantuwa da zaren da suka ja. Ajiye littafin rubutu na musamman, duk sirrin da ka buɗe da duk wanda ya yi tafiya ka rubuta shi da lambar shafi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin "tammat". In kuma za ka ce "mu haɗu a littafi na biyu", warware ƙulli ɗaya babba a na farkon tukuna.